Kwalba a Hannun Kansila

An ce wai an yi wani kansila, Barau Tanimu, mai tumbi da furfura irin namu, waɗanda ke sauka wa mutum ba tare da sun jira hankali ba. Wata ranar kasuwa aka turo masa ɗansa Nuhu a baro, ya bugu da giya ya faɗa kwata, hannu ya karye. Barau ya rantse sai an rufe gidan giyar Rifkatu, ya kai ƙara gaban hakimi.

"Ranka ya daɗe, ɗan shekara sha biyar matar nan ta ɗura wa giya!"

Rifkatu ta durƙusa ta ce, "Zaki, ba na zuba wa kowa sai na ga kati. Katin zaɓe ya nuna mini, shekara sha tara."

Barau ya san katin nan sarai. Shi ne bara ya cika mota da yaran unguwa, har da nasa, aka ƙara musu shekaru don su jefa masa ƙuri'a.

Hakimi ya jujjuya katin, ya dubi yaron da ko gashin baki bai fara ba. "Kansila, bakinka ya ce sha biyar, kati ya ce sha tara. Wanne zan kama?"

Barau ya tuna kujerarsa, ya sunkuyar da kai. "Wataƙila lissafi ne ya kuɓuce mini. Sha tara ne."

Nuhu ya ɗago ya kalli ubansa.

"Madalla," in ji hakimi. "Ashe babban mutum ne, ba mai laifi." Ya aiki dogari ya kawo kwalbar giya guda mai sanyi. "Buɗe, ka miƙa masa da hannunka gaban jama'a. Yana kurɓa na rufe magana, ba zan ƙara tambayar kati ba."

Barau ya buɗe kwalbar, kumfa ya zubo masa a babbar riga. Nuhu ya miƙo hannun da bai karye ba. Barau ya tsaya har sanyin kwalbar ya kama masa yatsu, sannan ya ajiye ta ƙasa.

"Sha biyar ne, ranka ya daɗe. Ni na sa aka yi katin."

"Na sani, ai na ci naman sunansa," in ji hakimi. "Ke Rifkatu, Allah ya ba ki ido tun kafin hukuma ta ba da kati, ki rufe gidan na tsawon wata guda, ki koyi duban fuska. Kai kuma, ka tattaro katunan yaran mutane, ka kai wa hukuma da ƙafarka."

Kujera ta tafi. Barau ya riƙo ɗansa suka ratsa kasuwa, ba wanda ya kira shi kansila.

Wanda ya ƙara wa ɗansa shekaru don bukatar kansa, ya sani ɗan ne zai zaɓi inda zai kashe su.