Tsutsar da Aka Ƙi Sanin Sunanta

Akwai wani mutum da ya bar gonar ubansa a arewa, ya gangara bakin teku, ya kafa raga cikin ruwan gishiri yana kiwon kifi. Wata takwas yana ciyar da su safe da yamma, har gishiri ya farfasa masa hannu. Da su zai riƙe iyalinsa shekara guda, ba shi da komai bayansu.

Saura wata ɗaya ya kai su kasuwa, sai suka daina cin abinci. Suna tasowa saman ruwa suna hangame baki, waɗansu suna goga kai a jikin raga. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

To, mutumin nan yana da ƙanwa wadda ta yi shekara bakwai a jami'a tana nazarin tsutsotsin da ke kama kifin teku, tana rarrabe su iri-iri, kowace da sunanta da danginta. Ya daɗe yana yi mata ba'a, wai an tura ta karatu ta dawo wanzamiyar tsutsa. Amma ran nan dole ta sa ya aika mata.

Ta zo, ta kama kifi ɗaya, ta ɗaga marfin kunnensa. Jan naman da kifi yake numfashi da shi ya koɗe, ga waɗansu 'yan tsutsotsi falan-falan sun maƙale a ciki da ƙugiyoyinsu.

Ta ce, "Yaya, ka ba ni kwana biyu in duba tsutsar a madubin ƙara girma in san wace iri ce. Akwai mai haihuwa, akwai mai sa ƙwai. Maganinsu ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "Ke dai da iyayi! Tsutsa tsutsa ce. Kifina na mutuwa, kina so ki raɗa mata suna?"

Bai jira ba. Ya yi yadda ya ga maƙwabta suna yi: ya cika manyan robobi da ruwan rijiya, ya riƙa tsoma kifayen yana cirewa, gama tsutsar teku ba ta jure ruwan da ba gishiri. Tsutsotsin suka zube a gindin roba fari fat kamar dusa. Ya mai da kifayensa cikin ragarsu, suka koma cin abinci, ya yi ta murna yana nuna wa jama'a.

Bayan kwana biyu ƙanwar ta dawo da gudu. Ta ce, "Yaya, mai ƙwai ce! Ƙwanta yana da zare, yana nan sarƙe a jikin raga, ruwan rijiya bai taɓa shi ba. Ka canja raga, ka shanya wannan a rana, ka sake tsoma kifayen nan da mako."

Aikin kwana uku ne cire raga, ga kifi suna ta wasa a gabansa. Ya ce mata, "Na gama da ita. Idonki bai gani ba?"

Ba a yi mako uku ba ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka fi iyayensu yawa. Wata safiya ya tarar da ragar ta yi fari da cikin kifi, wari ya cika gaɓar. Ya zauna a kan yashi. Can ya ce wa ƙanwarsa, "Yaya ma sunanta?" Ta faɗa masa. Doguwar kalma ce, bakinsa bai ma iya maimaita ta ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa, ba kuwa da daɗin rai nake faɗa ba. Kifayen nan rayukanmu ne. Tsutsar zunubi ce, ba ta zama a inda ido yake gani, sai a inda mutum yake numfashi. Shekara ashirin ina sauraron addu'arku. Kowa ya iya cewa, "Ya Ubangiji, mu duka masu zunubi ne," gama wannan ba ya ƙona bakin kowa. Kuna zuwa taron farkawa ku yi kuka, nauyi ya sauka, ku koma cikin tsohuwar ragarku: majalisar nan, wayar nan, mudun nan da kuka buga wa gindi. Wanda ya ce muku hassada daban, ƙarya daban, kowace da inda take ajiye ƙwanta, sai ku ce ya cika iyayi. Na binne mutanen da suka yi shekara da shekaru suna tuba a dunƙule, ba su taɓa neman gafarar mutum ɗaya ba.

In mun durƙusa yanzu, kada in ji kowa ya tsaya a kan "na yi zunubi." Ka faɗa wa Allah wanne, da kuma wanda ka yi wa.