Firijin Baba Mounkaila

Akwai wani saurayi mai suna Nouradine, ɗan Maraɗi, da ke aikin fenti a unguwar Gurda ta Sabha, a ƙasar Libiya. Ba shi da mugunta, sai dai in ya sa abu a ransa, to kunnensa ya toshe ke nan.

Su uku ne a ɗaki: shi, da Soumaïla mai ɗaukar bulo, da Baba Mounkaila, dattijon magini. Baba ne ya karɓe shi ranar da ya sauka garin, ya ba shi katifa.

Wata Juma'a Nouradine ya dawo daga kasuwa da tsohuwar laftof da sifika biyu masu ƙara. Ya cika ta da waƙoƙin gida. Baba da kansa ya kafa masa katako a bango don sifikokin, yana ta zolaya: "To Nura, yanzu sai mu fara sayar da tikiti."

Matsalar ɗaya ce. Wayar wutar ɗakin baki uku gare ta: ɗaya na fanka, ɗaya na wani ƙaramin firijin Baba, ɗaya ya rage. Shi kuwa kayan kiɗan baki biyu suke so.

A makon ne aka kira Baba aikin gyaran ɗakin ajiyar dabino a Zighan, na kwana huɗu. Da zai fita ya dafa firijin ya ce: "Nura, don Allah firigon nan kar a cire shi."

"Ba komai, Baba."

Ko minti goma bai yi da fita ba Nouradine ya buɗe firijin. Gorunan ruwa ne, sai wata baƙar leda a ƙulle. Ya zare wayar ya saka ta sifika.

Soumaïla ya ce: "Kai, ba ka ji abin da tsoho ya ce ba?"

"Ruwa ne fa! A zafin nan fanka zan cire?"

Kwana huɗu ɗakin na rawa. 'Yan ɗakunan maƙwabta suna leƙowa, Nouradine yana ta hura hanci. Firiji kuwa ya koma akwati, cikin zafin Sabha na lokacin dabino.

Da Baba ya bugo waya cewa yana hanya, Nouradine ya yi wuf ya mayar da wayar firijin. Kafin tsoho ya iso komai ya yi sanyi ƙalau. Baba ya buɗe, ya taɓa ledar, ya ce: "Allah ya yi maka albarka." Nouradine ya amsa da amin, ko ƙifta ido bai yi ba.

Bayan kwana biyar Baba ya fara shan ruwa kamar ba zai ƙoshi ba. Jikinsa ya saki. Rana ta shida ya zauna a gindin gini, ya kasa tashi. Su biyun suka sa shi a tasi zuwa asibiti.

A can asiri ya fito. Baba yana da ciwon suga. Allurarsa ce a cikin baƙar ledar, kuma irin wadda zafi ke kashewa ce. Ya ɓoye wa kowa ne don kada mudir, wato shugaban aikinsu, ya ji ya sallame shi daga aiki.

Da ya ɗan farfaɗo, likita ya tambaye shi da Larabci ko maganin ya taɓa zama a zafi. Baba ya girgiza kai, ya nuna Nouradine: "A'a. Ga ɗana nan, shi ya kula min da shi."

Likita ya ce to ke nan maganin lafiya lau yake, adadin ne ya yi kaɗan. Ya ɗauki biro zai ƙara.

Nouradine ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Soumaïla ya zuba masa ido. Ga biro yana tafiya a kan takarda, kuma ƙaryarsa ake rubutawa.

"Dakta, tsaya." Nouradine ya katse likitan. "Na cire firigon. Kwana huɗu. Na sa kiɗa."

Likita ya ajiye biron. Ya ce da an ƙara adadin, sannan aka yi masa da sabon magani mai ƙarfinsa, da abin zai iya kai tsohon nan kabari.

Nouradine ya durƙusa a bakin gado. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya so a ce Baba ya zage shi, ko ya mare shi, da ya fi masa sauƙi.

Baba ya dube shi. Sannan a hankali ya ce: "Nura, ni ma da laifina, da na faɗa muku abin da ke ciki. Cirewar kuma ƙuruciya ce, na yafe. Amma da ka bar shi da zafinsa, da na taɓa na gane, na zubar na nemi wani. Mayarwar da ka yi ita ta kwantar da ni."

Ranar da aka sallamo shi, ya tarar an naɗe wayar firiji da salatif a jikin bakin wutar, an sauke sifikokin an kife su a lungu. Ya dubi katakon da ya kafa, ya ce: "Ɗakin ya yi shiru da yawa. Mayar da su, ka nemo waya mai baki huɗu."

Nouradine ya nemo, ya haɗa komai. Amma har yau, kafin ya kunna waƙa, sai ya fara sa tafin hannunsa a jikin firijin ya ji yana kaɗawa.

Darasi: In mutum ya ce kada ka taɓa masa abu, ba dole sai ya gaya maka dalili ba. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, domin sau da yawa ɓoye laifi ya fi laifin kansa cutarwa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu zaman ɗaki ɗaya a ƙasar mutane.