Wilin da Ba Ya Baƙi

Akwai wani tsohon direba, jama'a, da ake kira Madubi. Ba don kyan fuska ba, wannan nauyin kam Allah bai ɗora masa ba. Wilin motarsa, ƙarafan nan na tsakiyar taya, su suka jawo masa sunan. Yakan goge su har mata masu wucewa su tsaya su gyara ɗaurin ɗankwali a ciki. An ce zakaran maƙwabta ya taɓa dambe da kansa a gaban tayar baya har ya suma. Ni dai ban gani ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai da dalili.

Tun da ya ajiye aikin tuƙi, abokin gabarsa ɗaya ne a duniya: ƙurar birki, baƙin garin nan da ke fita duk lokacin da aka taka birki, ya manne a wili, in an ƙyale shi ya ci ƙarfe.

Kullum da safe yana tsugune da bokiti da sabulu da tsohon burushin haƙori na shiga lungu. Ba ya zuba ruwa wili na da zafi. In ya tsane da tsumma, sai ya shafa man goge mota don kada ƙurar ta sami wurin kamawa.

Wilin gaba biyu har suna ya raɗa musu. Na hagu Ɗan Albarka, don ya daɗe rabonsa da yin baƙi. Na dama kuwa Gawayi, wanda ko shago aka je aka dawo sai ya koma kamar gindin tukunya.

Madubi na da 'ya'ya biyu. Babbar yana kiranta Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Tun rasuwar matarsa ita ke zuwa daga gidan mijinta ta yi masa girki da wanki, ta sayo masa maganin hawan jini. Ita ce kuma mai laifin gidan. Yau gishiri ya yi yawa, gobe ta fasa kofi. Auta kuwa yana can nesa, sai dai waya da daddaɗar murya.

Wata safiya Uwata ta fito riƙe da rigarsa, dutsen guga ya ɗan lashi hannun.

"Baba, ka yi haƙuri, wayata ce ta yi ƙara, na juya..."

Madubi bai ko ɗago daga gaban taya ba. Ya nuna da burushi ya ce, "Kin ga wilin nan biyu? Ke da ƙaninki ke nan. Auta bai taɓa ƙona mini ko zare ba. Ke kuwa kullum sai an bi bayanki da tsumma."

Uwata ta ninke rigar ta ajiye a kan motar, ta yafa gyalenta.

"Shi ke nan, Baba. Gawayi ta tafi gidanta. Ɗan Albarka ya yi maka miya ta waya."

Ta tafi, ba ta dawo ba. Shi kuma ya rantse ba zai kira ta ba, ko da zai rayu a kan ruwan zafi da burodi.

Sai ya juye haushin duka a kan wilin dama. "Ko ni ko kai!" Wanki safe, wanki yamma. Ya canza sabulu, ya ƙara mai, ya kashe burushi har ya fara kallon na bakinsa. Gawayi dai yana nan Gawayi.

Ran nan magani ya ƙare, dole ya fita sayowa da kansa. Yana cikin tafiya sai ga mai baro ya ratso titi da katifa, ko gabansa ba ya gani. Madubi ya danne birki. Motar ta fizge dama kamar an ja ta da igiya, ta tsaya hancinta na leƙen lambatu.

Ya lallaɓo gida ransa fari: yau ya kama mai laifi.

Ya sa jek, ya kwance tayar dama. Takalmin birkin ya cinye saura ƙiris, faifan na sheƙi don aiki.

"Ka gani? Almubazzari! Bari in nuna maka yadda 'ya'yan kirki suke."

Ya kwance ta hagu. Takalmin birki sabo fil, kamar yau aka fito da shi daga kwali. Faifan ya yi ja da tsatsa. Ya tura, ya buga da sifana, ko motsi. Birkin ya daɗe da ƙamewa.

Ashe Ɗan Albarka bai yi baƙi ba ne don ba ya kama komai. Duk tsayuwar da motar ke yi, Gawayi ne ke ɗaukar nasa da na ɗan'uwansa.

Madubi ya kife bokiti ya zauna a kai. Ya daɗe yana kallon ƙonanniyar rigar nan da ya rataye a igiya.

Washegari bakanike ya zo ya warware birkin, ya sa sababbin takalma. Madubi ya sa ƙonanniyar rigar, ya tuƙa har ƙofar gidan Uwata.

Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, fuska ba yabo ba fallasa.

"Baba, lafiya? Wa ya bar ka ka fito da wannan rigar?"

"Ita ce mai shaidar an goge ta, Uwata. Na zo biko. Gawayi ne ya hana ubanki kwana a lambatu."

Ya ba ta labari tas. Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata.

"To Ɗan Albarka fa?"

"Na mota an sa masa girisi. Na waya kuma na ce ya zo hutun nan ya fasa mini kofi ko ɗaya ne."

Ta leƙa tayoyin gaba. Dukansu biyu sun yi baƙi ƙirin.

"Baba, wilinka duk sun ɓaci."

Madubi ya buɗe mata ƙofar mota yana murmushi. "Ƙyale su. Aiki suka yi."

Darasi: Mai yi maka aiki shi ne za ka ga kuskurensa, wanda bai taɓa komai ba kullum fes yake. Kafin ka yi faɗa a kan ƙurar, duba wa ke tsayar maka da motar. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai Gawayi a gidansa da bai taɓa ce masa sannu ba.