Tsamiyar Jatau

An ce wani sarki ya yi zamani a wani gari na gabas. Sunan garin ya kwanta mini, amma dai akwai fadama a kudancinsa. Sarkin nan yana da mashawarta biyu, Waziri Gambo da Galadima Tanimu. Waziri mutum ne mai riƙon abin da aka gada, in an ce a sake wani abu sai ya ce, "Kakanninmu ba wawaye ba ne." Galadima kuwa cewa yake, "Sun yi wa zamaninsu, mu ma mu yi wa namu."

To, a garin akwai wata al'ada. Baƙo yana iya noma gonar aro, amma ba ya dasa itace a cikinta, domin wanda ya dasa itace tamkar ya ce ƙasar tasa ce. Wanda ya saɓa, a sare itacen, a karɓe gonar. Sai wani manomi, Jatau, wanda ubansa baƙo ne amma shi a garin aka haife shi, ya dasa tsamiya a gonar da wata tsohuwa, Iya Kande, ta ara wa gidansu. Maƙwabta suka kai magana fada.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka ƙyale wannan, ba mai sake ara wa wani gona."

Galadima ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda aka binne cibiyarsa a nan, har yaushe zai zauna baƙo? A soke al'adar, gona ta zama ta mai noma ta. Waziri ai da zai sami takalmin kakansa, da shi zai zo fada ko ya yage."

"Kai kuwa," in ji Waziri, "rawaninka ma in ya kwana biyu sai ka ce a sake shi."

Sarki ya gaji da wannan jayayya, ya ƙudura zai tuɓe ɗaya daga cikinsu, maganar wanda ya rage ita ce hukuncin Jatau. Sai ya tafi wurin Malam Sambo, wani tsohon malami da ke zaune a bayan gari.

"Allah gafarta Malam, wanne zan tuɓe?"

"Ya sarki, wanne ne maƙaryaci a cikinsu?"

"Babu."

"Wanne ne ba ya ƙaunar garin?"

"Duk suna ƙaunarsa. Sai dai sun hana ni barci."

"Ashe barci ka zo nema, ba hukunci ba."

Sarki ya ji nauyin maganar, ya sunkuyar da kai. Malam ya ce, "Ba kowannensu abin da ya roƙa, amma ya aikata da kansa. Waziri ya ɗauki gatari ya je ya sare tsamiyar. Galadima kuma ya je ya gaya wa tsohuwar da bakinsa cewa gonar ta fita hannunta."

Haka aka yi. Kafin la'asar Waziri ya dawo, ya ajiye gatari a gaban sarki. Ya ce, "Na iske Jatau yana ba tsamiyar ruwa. Ya durƙusa ya gaishe ni da Baba. Ya ce ubansa ya rasu bai taɓa zama a inuwar da zai kira tasa ba. Ranka ya daɗe, hannuna ya ƙi ɗaguwa."

Can sai ga Galadima ya dawo. Ya ce, "Iya Kande ta ce mijinta ne ya sare dajin, ita kuma tausayi ya sa ta ara. Ta tambaye ni ko tausayin ne laifinta. Ban iya ƙarasa saƙon ba."

Sarki ya saurare su duka biyu. Sannan ya yanke cewa ƙasa ta Iya Kande ce, tsamiya ta Jatau ce da zuriyarsa, kuma daga ranar duk wanda aka haifa a garin yana iya dasa itace da yardar mai gona, a gaban shaidu. Waziri ya ce an yi sassauci da yawa. Galadima ya ce bai isa ba.

Sarki ya yi murmushi, ya ce, "Ku ci gaba da hana ni barci. Ɗayanku yana ganin abin da za a rasa, ɗayan yana ganin wanda ake cuta. Sarkin da ya kori ɗaya, rabin adalci ya zaɓa."