Sunan Jaririn Barau

Ku matso, kuma mai latsa waya ya ajiye ta, don ba na maimaita magana.

Shekarar da kogi ya ci Tungar Bagudu, Barau yana kasuwar birni aka kwashe mutanen garinsu a jiragen ruwa, aka rarraba su sansani uku masu nisa da juna. Ya iso sansanin farko da azahar, bai ga matarsa Talatu ba, ga ta da tsohon ciki. Waya ba ta shiga. Sanarwa kuma ta zo cewa da la'asar za a ƙara sako ruwan madatsa. Shin tana wani sansanin ne, ko tana can ruwa na hawa?

Mamuda, mai shagon kwamfuta, shi ke riƙe da sunayen da aka tattaro daga sansanonin. Wai sunaye! Jeri ne a cikin jeri: sansani da jiragensa, jirgi da gidajensa, gida da mutanensa. Kafin ido ya gama bin su la'asar ta wuce. Mamuda ya rubuta wa na'urar umarni, ta riƙa buɗe kowane jeri tana zazzage na cikinsa, har kowa ya tsaya a layi guda, suna bayan suna. Ya gwada da rajistar garin, na'ura ta ce babu wanda ya ɓata. Ga Talatu Barau nan ɓaro-ɓaro. Barau ya fara hamdala.

Haladu, malamin rigakafi da ya san kowane zaure a Tungar, ya leƙo ya tambaya sau nawa sunan ya fito. Aka ce sau ɗaya.

Ya ce, "Barau, 'yarka ta wajen marigayiya fa? Ba ita ma ran Talata aka haife ta ba? Talatu biyu ce a gidanka. Guda ce ta haye."

Aka koma takardar asali: a jirgin yara sunan yake. Ashe 'yar ce ta haye, matar tana can.

Masu jirage suka sunkuyar da kai, don ruwa ya fara jan itatuwa da saiwoyinsu. Ilu masunci kaɗai ya kwance kwalekwalensa, ya ce wa Barau ya zauna, nauyinsa ba zai amfani kowa ba. Barau ya tsaya a gaɓa yana kallon gawar shanu na wucewa, kowace ta taso sai ya ɗauka matarsa ce. Ilu ya tarar da matar Barau a kan soron masallaci, ruwa ya kai indararo, naƙuda ta kama ta. Suna taka tudu ana kiran la'asar. Kafin magariba ta haifi namiji.

Ana gobe suna, Barau ya rantse jaririn zai ci sunan wanda ya ceci uwarsa, sai liman ya tambaye shi wanne. Ba don Mamuda ba, da har yanzu ana bin takardu da yatsa. Amma jerinsa ya ce kowa ya tsira, Haladu ne ya ƙaryata shi, shi kuwa Haladu ko iyo bai iya ba. Ilu ya sa ransa cikin haɗari, sai dai da ba a ce masa akwai saura ba, da yana gaɓa yana gyaran koma.

Kada wani ya ce mini a haɗa sunayen uku, yaro ba rajista ba ne. To, sunan wa za a raɗa masa?