Ƙuri'ar Alamin da Ruwan Toukra

Akwai wani kansila a N'Djamena mai suna Alamin. Maraya ne, kawunsa Alhaji Zakariya, babban dillalin shanu, shi ya rene shi.

Wata shekara kuɗin ayyuka ya zo gundumarsu, amma aiki ɗaya kawai zai isa: ko a gyara hanyar kasuwar dabbobi, ko a haƙa rijiyar burtsatse da tanki a wata unguwa ta Toukra. Kansiloli suka rabu biyu daidai. Ƙuri'ar Alamin ce za ta raba gardama.

Kawunsa ya kira shi gida, ya ce, "Motocina uku suka kafe a taɓon hanyar nan bana. Ka san abin da za ka zaɓa."

Alamin ya ce, "Kawu, bari in je in ga Toukra tukuna."

"Me za ka gani? Da can ba su shan ruwa ne?"

Alamin ya je. Ya tarar da wata mata, Hauwa, tana tace ruwan rijiya da ɗankwali. Ambaliya ta gurɓata rijiyoyin unguwar. Ta ce masa, "Ɗana, jikokina biyu suna kwance a asibiti da gudawa. Mun san ruwan ne, amma me za mu sha?"

Ranar zaman kansiloli, Alamin ya ɗaga hannu ga aikin ruwa.

Alhaji Zakariya ya daina amsa gaisuwarsa. A taron biki ma sai ya kau da kai. Abin ya yi wa Alamin ciwo, amma duk Juma'a yana zuwa ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi ba amsa. Haka har wata goma sha ɗaya.

Ana nan, 'yar Alhaji, Ni'imatu, wadda mijinta ya gina gida a unguwar nan ta Toukra, ta haihu. Ranar suna Alhaji ya ga mata suna cika jarkoki a famfon sabuwar rijiyar burtsatsen, ruwa garau.

Ni'imatu ta ce, "Baba, bara maƙwabciyata ta binne jaririnta saboda ruwan rijiya. Da wannan ruwan nake wanke jikanka."

Alhaji ya daɗe yana kallon jaririn a hannunsa. Sai ya ɗago, ya hango Alamin a ƙarshen tabarma, ya yafito shi.

"Matso kusa da ni. Shanu za su iya jiran hanya. Wannan ba zai iya jira ba."

Ya miƙa masa jaririn. Alamin ya karɓa, hawaye na zuba.

Darasi: Dukiyar jama'a a fara kai ta inda rai yake buƙata, kuma ba abin da ya kai ruwa mai tsabta. Wanda ya tsaya kan gaskiya ya yi haƙuri, masu fushi da shi yau su za su sa masa albarka gobe. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da amanar jama'a.