Kasuwar Tasalla a Cikin Ƙwaryar Iri

Godiya ta tabbata ga Allah da Yake ɓoye bayinSa na gari a cikin ƙauyuka. Daga cikinsu akwai malaminmu, shehin malami, masanin Alƙur'ani da fiƙihu, mai zuhudu da yawan azumi, wanda ya zauna a wata unguwa kusa da Tsiga shekaru kaɗan bayan jihadi, Allah Ya ƙara masa yarda. Bai cika magana ba, kuma bai taɓa yarda a kira shi waliyyi a gabansa ba, amma dattawan da suka yi zamani da shi sun ba da labarin abin da ya gudana tsakaninsa da wani manomi mai suna Aƙilu.

Shi Aƙilu mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa. Kunyar gonarsa a miƙe take kamar an ja zare, fartanyarsa tana da wurin jingina, kuma ko tsintsiya aka ajiye a karkace sai ya tsaya ya gyara kafin ya fita. Gonakinsa biyu ne: ta tudu yana shuka mata gero, ta kwari kuma maiwa da dawa, kamar yadda kowa yake yi. A wannan shekara rumbu ya yi ƙasa, iri kawai ya rage, don haka da hadari ya fara haɗowa sai mata suka sussuke zangarniyar da aka keɓe, aka zuba kowane iri a ƙwaryarsa, ana jiran ruwan shuka.

Da hantsi Aƙilu ya dawo daga sharar gona, sai ya tarar da 'yarsa Tasalla, mai shekara biyar, ta juye ƙoren nan uku a cikin babba guda, tana cuɗawa da hannu biyu tana ta surutu ita kaɗai. Ta ɗago tana murna ta ce, "Baba, yau kasuwa ce. Waɗannan mutanen Tsiga ne, waɗannan na Kafur, manyan nan kuma fatake ne masu rawani. Sun daɗe ba su gaisa ba."

Aƙilu ya daka mata tsawar da ta sa ta ruga bayan kakarta Inna. Ya zauna tsincewa, zuciyarsa tana tafasa. Dawa dai tana fita, amma gero da maiwa, da zarar sun bar zangarniya, ba idon da zai raba su, kuma ba wanda yake da irin da zai ba wani a wannan shekara. Abincin gidansa na shekara guda ke nan yarinya ta yi wasan kasuwa da shi. Inna ce ta ce masa, "Maimakon ka zauna kana huci, ɗauki ƙwaryar ka kai wa Malam."

Ya tarar da Malam, Allah Ya jiƙansa, a ƙarƙashin tsamiya yana duba littafi. Tun bai gama gaisuwa ba, bai kuma buɗe faifan da ya rufe ƙwaryar ba, Malam ya yi murmushi ya ce, "Mutanen Tsiga da na Kafur sun gaisa ke nan?" Aƙilu ya yi mamaki, domin daga shi sai Inna suka ji wannan magana. Malam ya sa hannu a cikin irin, ya yi addu'a a hankali, sannan ya ce, "Mayar da dawar da ka tsince. Ka shuka shi haka, tudu da kwari. Yarinyar ta yi nata aikin, kai kuma ka miƙe kunyarka yadda ka saba."

Wallahi abin ya yi masa nauyi, amma ya bi. Da shuka ta tashi, gonakin nan suka fito a hargitse, dogo kusa da gajere, masu wucewa suna tsayawa suna tambaya ko Aƙilu ya yi baƙin aljanu ne. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya yi noman fari da maimai a kan lokaci, bai bar ciyawa ko ɗaya ba.

Gero yana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke, kwana ashirin da wani abu ba ɗigo. Geron tudu ya ƙone a gonakin jama'a. Da ruwan ya dawo kuma sai ya dawo da ƙarfi, ya kwanta a kwari har maiwa da dawa suka ruɓe a tsaye. Amma a kwarin Aƙilu akwai gero, wanda damshi ya riƙe shi lokacin fari, ya nuna aka girbe kafin ruwa ya kwanta. A tudunsa kuma akwai maiwa da dawa, waɗanda suka jure farin, suka sha ruwan ƙarshe suka yi kai. Gonakin biyu duk suka ba shi, har maƙwabta suka sami iri a wurinsa.

Ya je wa Malam da dami a ka, idonsa da ƙwalla, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, daga yanzu kullum in riƙa haɗawa ke nan?"

Malam ya ce, "A'a. Ware irinka kamar da, haka noma yake. Sai dai ka bar mata ƙwarya ɗaya."

Da ya koma gida ya jera ƙorensa uku, ya ɗebi kaɗan daga kowacce ya zuba a wata ƙarama, ya ajiye a gaban Tasalla, wadda tun ranar tsawar nan ba ta sake yin wasa a inda yake ba. Ta dube shi ta dubi ƙwaryar. Sai ya durƙusa ya ce, "Uwata, yau kasuwar ina ce ke ci?" Ta matso ta sa hannu a ciki, ta ce ta Kafur ce, kuma shi ne sarkin kasuwa.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya bayyana a hannun wannan bawa naSa, mai ilimi da haƙuri, wanda bai raina hankalin ƙaramar yarinya ba. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya ba mu albarkacinsa a gonakinmu da 'ya'yanmu, Ya sanyaya harshenmu a kansu. Amin.